Zainabu Biyu: Son Ƙuruciya da Nisa a Cikin Jiki Magayi da Wa Zai Auri Jahila?

Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun saba ɗaukar Jiki Magayi a matsayin littafin ramuwar gayya, Wa Zai Auri Jahila? kuwa a matsayin littafin yaƙi da auren dole da kuma kira ga ilmin 'ya'ya mata. Babu ja a kan wannan, domin shi ne jigon da kowane ɗalibi zai fara cin karo da shi. Amma akwai wata tambaya da ke kwance a ƙarƙashin littattafan biyu, wadda ba a cika tsayawa a kanta ba. In yaro da yarinya sun tashi tare, gari ya san su da juna, sa'an nan tafiya ta shiga tsakani, me ya rage a hannunsu wanda za a iya gina aure a kansa, kuma wa ke da ikon cewa a jira ko a haƙura? Wannan maƙala za ta bi wannan tambaya ta cikin littattafan biyu. An yi dace kuma sunan taurarin mata ɗaya ne, domin Abu ta littafi na biyu ita ma Zainabu ce, kamar yadda Bahaushe ke yi wa mai wannan suna laƙabi.

Jiki Magayi na John Tafida Wusasa ne da Rupert East, yana kuma cikin littattafai biyar na farko da suka biyo bayan gasar ƙagaggun labarai ta 1933 a Zariya, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu ne, ya fito a 1990, cikin zamanin da aka fi sani da na adabin kasuwar Kano. Fiye da shekara hamsin ke nan tsakaninsu.

Matsayin alkawari a al'ada da shari'a

Kafin a shiga littattafan, ya kamata a san irin ƙasar da alkawarin ƙuruciya ke tsaye a kanta. Neman aure a ƙasar Hausa abu ne na gani da ido. Saurayi yana zuwa zance ƙofar gida, ƙannen yarinya su san shi, ya ba da toshi, magabatansa su kai gaisuwa, a kai kuɗin na-gani-ina-so, a yi baiko, a sa rana. Kowane mataki shaida ne ga jama'a, kowanne kuma yana bukatar mutum ko wakilinsa ya kasance a wurin. Da ma an ce zumunta a ƙafa take. Wanda ya yi nisa ya fita daga wannan tsari tun daga matakin farko, domin babu wanda zai gan shi a dandali ko a zaure.

Fiƙihun Malikiyya, wanda shi ake bi a wannan ƙasa, ya yi tanadi mai kyau ga matar da mijinta ya ɓata. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda kowane almajirin zaure ya sani, ta yanka mata wa'adin shekara huɗu bayan ta kai ƙara an yi cigiya ba a same shi ba, sa'an nan ta yi takaba. Littafin ya kuma hana nema cikin nema in an riga an karkata ga mai nema na farko. To, amma budurwar da saurayinta ya tafi ba ta da wani wa'adi da aka yanka mata, domin alkawarin aure ba aure ba ne, kuma a wannan mazhaba uba yana da ikon aurar da 'yarsa budurwa. Ke nan abin da ke riƙe da alkawarin ƙuruciya shi ne kunya da mutunci tsakanin gidaje biyu, da kuma haƙurin mahaifi, wanda ke ganin 'yarsa ta isa aure, maƙwabta kuma sun fara magana. A kan wannan siririn zare marubutan biyu suka rataya labaransu.

Jiki Magayi: matafiyin da bai sāke ba

Labarin sananne ne. Abubakar da Zainabu suna son juna tun suna yara a garin Galma. Malam Shehu attajiri ne wanda Allah bai ba haihuwa ba, ya kuwa sa rai cewa ta wajen Zainabu zai sami ɗa. Dukiya ta rinjaya, Zainabu ta shiga ɗakinsa, ta haifa masa Abdullahi, wanda ake kira Kyauta. Abubakar ya bar gari neman asirin da zai rama da shi, ya sha baƙar wuya a dazuzzuka da garuruwa, ya samo, asirin ya kama yaron, ya tashi ɓarawo, har ƙarshe ya zama sanadin ajalin mahaifinsa ba tare da ya san ko wane ne ba.

Abin lura na farko shi ne inda marubutan suka ajiye tafiyar. A yawancin labaran soyayya da suka zo daga baya, tafiya ce ke jawo rashi: saurayi ya tafi, a ba wani. A nan kuwa rashi ne ya jawo tafiya. Abubakar yana cikin gari, yana ji yana gani, aka ƙwace masa abin da yake so. Saboda haka littafin ya nuna tun da wuri cewa kusanci kaɗai bai isa ya tsare alkawari ba in mai kuɗi ya shigo. Amma ya nuna wani abu kuma wanda ya fi wannan nauyi, wato abin da nisa ke yi wa zuciyar wanda ya tafi da abu ɗaya tak a cikinta.

Shekarun da Abubakar ya yi yana yawo ba su ƙara masa komai ba sai tabo. Ya ga garuruwa, ya zauna da mutane iri-iri, amma bai koyi sana'ar da za ta zaunar da shi ba, bai kafa gida ba, bai sāke shawara ba. Ranar da ya fita daga Galma ita ce ranar da yake ciki har ya komo. Zainabun da ke cikin ransa yarinya ce da aka raba shi da ita jiya, alhali Zainabun da ke Galma ta zama matar gida, uwar ɗa, mai wata rayuwa dabam wadda ba ya cikinta. Nisa ya daskarar masa da lokaci. Da yana gari yana ganinta da goyo, yana gamuwa da mijinta a masallaci da kasuwa da wurin jana'iza, da wataƙila yau da gobe ta yi aikinta, wadda aka ce ba ta bar komai ba. A daji kuwa babu abin da zai goge hoton, sai ma ƙara masa kaifi da kowace wahala ke yi, domin duk ƙayar da ta soke shi a kan Malam Shehu yake lissafa ta.

A nan ne gwanintar littafin take. Son da aka raba shi da ganin ido, aka bar shi yana cin kansa, bai mutu ba, rikiɗa ya yi ya zama ƙiyayya mai irin ƙarfinsa. Naci da juriya da sadaukar da kai da Abubakar ya nuna wajen neman asiri su ne dai halayen da ake yabon masoyi da su. Mai karatu yakan rasa inda zai daina tausaya masa ya fara jin tsoronsa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a littafin da aka rubuta a lokacin da sauran 'yan'uwansa ke cike da barkwanci da yaƙi da abubuwan al'ajabi. Ko a Shaihu Umar, inda ƙauna ta ƙetare hamada, ƙaunar uwa ce ga ɗanta, wadda ta bi sawunsa har ta faɗa hannun bauta. Jiki Magayi ne kaɗai a cikin biyar ɗin ya ɗora labarinsa kacokan a kan abin da ke tsakanin saurayi da budurwa.

Akwai wata hanya da al'ada ta bar wa irin su Abubakar a buɗe, wadda littafin bai bi da shi ta cikinta ba. A zamanin da ake magana auren fari na iyaye ne, amma ba lalle ne ya zama na ƙarshe ba. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda aka fara aurar da ita ga ɗan'uwanta Duma don zumunci, alhali Malam Maigari take so, ta yi biyayya ta zauna, daga baya auren ya ƙare ta auri wanda take so ɗin. Wannan ƙasa ɗaya ce da ta Jiki Magayi, zamanin ma bai yi nisa ba. Ke nan mai karatu na wancan lokaci ya san cewa haƙuri da zama kusa suna iya mayar wa mutum da abin da ya rasa. Ficewar Abubakar daga gari zaɓi ne, ba tilas ba, kuma da ita ya rufe wa kansa ƙofar da ta rage.

Inda littafin ya gaza shi ne wajen Zainabu. Ita ce aka yi rigimar a kanta, ita ce ta rasa miji ta hannun ɗanta, amma labarin ya bi Abubakar daji, ya bi Kyauta yawon sata, ya bar ta a cikin gida. Yadda ta auna tsakanin sabo da wadata, da abin da ta yi da tunanin Abubakar a shekarun da ba ya nan, ba su sami filin da tafiye-tafiyen maza suka samu ba. Ta zama ƙofar da masifa ta bi ta shiga gidan Malam Shehu. Kashe uba cikin rashin sani kuwa, wanda ke tuna wa wanda ya karanta adabin Girka labarin Odifus, ya ja hankalin manazarta ƙwarai, har ya sa aka manta da cewa tun farko maganar aure ce.

Wa Zai Auri Jahila?: matafiyin da ya sāke

Kafin 1990 dalilan tafiya sun canja. Ci-rani da fatauci da almajiranci suna nan, amma boko da aikin albashi sun shigo da wani irin nisa sabo. Shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa ya fara a 1976, Kwalejin Abdullahi Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, masana'antun Bompai kuma sun jawo dubban samari daga karkara zuwa unguwannin bayan ganuwa irin su Gama da Gwagwarwa da Tudun Wada, a yankin Nassarawa. Da yawa daga cikin mazauna waɗannan unguwanni sun baro wata a gida da aka ce tasu ce. Su da ƙannensu mata suna cikin waɗanda suka yi ta sayen littattafan soyayya da karɓar hayarsu, saboda haka tambayar a koma a ɗauko ta gida ko a nemi 'yar birni ba tatsuniya ba ce a wurinsu.

Balaraba Ramat Yakubu ta ɗauki wannan tambaya ta juya ta ta fuskar wadda aka bari. Abu yarinya ce 'yar ƙauye mai son karatu, mahaifinta ya cire ta daga makaranta. Ahmadu, wanda aka tsayar mata, ya tafi birni ya yi karatu mai zurfi, da maganar aure ta taso sai ya ce ba zai auri jahila ba. Uban, don ya fita kunya, ya ɗaura mata aure da Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta. Ta gudu Kano wajen gwaggonta, ta koma makaranta, ta yi ilmi, ta tsaya da ƙafafunta. Marubuciyar ta sha faɗa a hirarraki cewa ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, abin da ya sa zafin littafin ba na aro ba ne.

In aka jera Ahmadu da Abubakar za a ga kishiyoyi ne. Abubakar ya tafi bai sāke ba, ya komo yana neman jiya. Ahmadu ya tafi ya sāke, ya komo yana ƙyamar jiya. Amma kuskurensu ɗaya ne: kowannensu ya yanke hukunci a kan Zainabun da ke cikin kansa, bai tambayi ta gabansa ba. Abubakar bai ga cewa tasa ta wuce inda ya bar ta ba. Ahmadu kuwa ya ga tasa tana inda ya bar ta, sai ya ɗauka nan ne iyakarta, bai lura da cewa tsayar da ita aka yi ba.

Wannan shi ne abin da Balaraba ta ƙara a kan magabatanta, kuma ƙari ne babba. Ta nuna cewa nisan da ke kashe alkawari bai tsaya ga yawan mil da ke tsakanin ƙauye da Kano ba, domin wannan mota tana cinye shi a yini guda. Wanda mota ba ta cinyewa shi ne a saki ɗaya ya yi gaba, a ɗaure ɗaya a turke. Al'ummar da ta tura yaro jami'a ta kuma cire yarinya daga aji, ita ce ta haƙa ramin da ke tsakaninsu, sa'an nan ta koma tana mamakin yadda alkawari ya faɗa ciki. Mahaifin Abu ya cire ta ne don ya tsare ta har ranar aure, sai tsarewar ta zama ita ce dalilin fasa auren. Da wuya a sami baƙin ciki mai tsari kamar wannan a littattafan zamanin.

Sa'an nan ta yi abin da marubutan 1930 ba su yi ba, ta ba Zainabu hanya. A Jiki Magayi namiji ke tafiya, mace ta zauna labari ya same ta. A nan Abu ce ta kama hanya, kuma tafiyarta ce ta zama ƙashin bayan littafin. Birnin da ya raba ta da Ahmadu shi ne ya ba ta abin da aka ce ba ta da shi.

Duk da haka akwai abin da ya kamata a faɗa. Tambayar da ke kan bangon littafin ta Ahmadu ce, littafin kuma ya amsa ta ne ta hanyar kawar da jahilcin, bai tuhumi ma'aunin kansa sosai ba. Kalmar jahili a asalinta ta wanda bai san addininsa ba ce, amma a bakin ɗan boko ta koma wanda ba shi da takardar shaida. Abu ta ci nasara domin ta sami abin da Ahmadu ke aunawa da shi. To, ina labarin sauran Zainabobi, waɗanda ba su da gwaggo a Kano, ba su kuma da ƙwaƙwalwar Abu? Shin Ahmadunsu yana da gaskiya ke nan in ya ƙi su? Littafin bai ce haka ba, amma zubinsa ya bar wannan ƙofa a buɗe. Haka kuma, da yake labarin yana tare da Abu ne, mai karatu ya fi sanin Ahmadu ta wajen ƙin da ya yi. Saurayin da ke kwance a ɗakin kwanan ɗalibai ko a ɗakin haya a Gama, yana juya maganar a ransa, ga kunyar iyaye, ga sabo, ga tsoron zama da wadda ba za su fahimci juna ba, shi ma labari ne, kuma ba lalle ne ya zama na mugu ba.

Wasiƙa da waya

Wani abu da ya bambanta zamanin littattafan biyu shi ne hanyar sadarwa. A duniyar Abubakar wanda ya tafi ya tafi ke nan, sai dai saƙon baka ta bakin fatake. Littattafan soyayya na Kano kuwa, tun daga tsakiyar shekarun 1980, sun mai da wasiƙa babban makaminsu, har ta zama wani fage na nuna gwanintar harshe, kuma matasa suka riƙa kwaikwayonta a nasu rubutun. Sai dai wasiƙa tana bukatar masu karatu biyu. In ɗaya sai an karanta masa, sirri ya zama na mutum uku. Ta wannan fuska ma ilmin yarinya ya shiga cikin sharuɗɗan soyayyar nesa, ko da ba a ambata ba.

Marubuta da yawa na wannan zamani sun sami sauƙi a nan fiye da kima. Wasiƙa ta ɓata, ko kishiya ta ɓoye ta, ko a kawo labarin mutuwar ƙarya, ko kaka ta yi rantsuwa, sai a wayi gari an raba masoya ba tare da ɗayansu ya zauna ya yanke shawarar komai ba. Laifi ya koma kan ƙaddara da miyagun mutane, taurari su fita da tsabtarsu. Darajar littattafan biyu da ake nazari ita ce ba su fake a nan ba. Abubakar da kansa ya zaɓi tafiya, Ahmadu da bakinsa ya ce ba ya so.

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya kuma marubuta suka koma sakin labaransu a Facebook da WhatsApp da Wattpad, dabarar ɓatan wasiƙa ta daina aiki, domin mai karatu zai tambaya me ya hana a buga waya. Saurayin da ke Saudiyya ko Legas ko Malesiya yana iya jin muryar budurwarsa kowane dare, har ya ga fuskarta. Irin daskarewar Abubakar, ta rashin labari, ta yi wuya yanzu. Amma matsalar Ahmadu tana nan daram, domin mutum biyu suna iya yin hira kullum alhali rayuwa tana kai su wurare dabam-dabam, kuma abin da aka fi yi a irin wannan hira shi ne tuna da, wato makarantar allo da wasan dandali da sunayen da aka yi wa juna, abubuwan da ba su gaya wa kowa ko wane ne ɗan'uwansa a yau. Matsalar mahaifin Zainabu ita ma ba ta gusa ba. Waya ba ta zuwa gaisuwa, ba ta zama a zaure, maƙwabta ba sa ganinta, Malam Shehu kuwa yana cikin gari, kuma ya san ƙofar gidan.